Injin girgiza kankare: abin da na gani a ginina

Ginshiƙai 12 ne a ɗan ginin da nake yi, kuma biyun farko da guntun rodi aka caccaka kankarensu. Ranar da kafinta ya ɓalle katako sai gabana ya faɗi. Gindin ɗaya duk ramuka kamar saƙar zuma, har rodi na hango ta ciki. Maginin, wani dattijo, ya ce, "Maigida, filasta za ta rufe." Na ce, "Baba, ruwa fa? In ya kai ga rodin nan tsatsa zai yi, ta kumbura ta tsaga kankaren." Ƙarshe dai farfasa shi muka yi.

Shi ya sa na ɗauko hayar injin girgiza kankare, mai aiki da fetur, da doguwar tiyo mai kan ƙarfe.

Kwaɓinmu bai canza ba: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Sai a zuba kamar santimita 40, a tsoma kan injin a tsaye. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 za ka ga kumfar iska na ɓullowa, kankaren na sauka, samansa ya ɗauki sheƙi. Daga nan a zare a hankali don ramin ya cike. Abin da ya fi faranta mini rai, leburori sun daina roƙon a ƙara ruwa. A da sai sun tsinka kwaɓin yake shiga tsakanin rodi da ringi (ƙananan rodin da ake zagaye manyan da su), alhali yawan ruwa ne ke kashe ƙarfin kankare. A ramukan gindin ginshiƙai ma injin ya cusa kwaɓin har ƙarƙashin ragar rodi, wadda muka ɗaga santimita 5 a kan 'yan dunƙulen siminti.

Yana da nasa matsalolin. Ƙara gare shi, kuma hannu kan yi tsami. Sannan ba ya raga wa katakon da ba a ɗaure sosai ba: a ginshiƙi na huɗu kusurwa ta buɗe, madarar siminti ta dinga tsiyaya, sai da muka tsaya aka ƙara ɗauri. In an daɗe a wuri ɗaya kuma tsakuwa ta nutse, ruwa ya taso.

Sauran ginshiƙan sun fito sumul, kusurwoyi ras. Mun naɗe su da buhuna muna ba su ruwa kwana 7. Na riga na gaya wa mai injin ya ajiye mini shi ranar zuba dakin, wato rufin kankare.