Sineya ta ƙarfe ko ta katako: wacce sabon makaɗi zai saya?

A jerin gangunan coci ko na biki, sineya, wato ƙaramar gangar da ke da wayoyi shimfiɗe a kan fatarta ta ƙasa, ita ce aka fi duka, ita ce kuma ke tona asirin hannun mai koyo. Mun duba guda biyu na Yamaha Stage Custom, ta ƙarfe da ta katakon wani itace da ake kira birch, kowace faɗinta inci 14, zurfinta inci 5.5. Ga mai farawa a Jos, ta ƙarfen muka zaɓa.

Ta ƙarfen tana da kaifin murya. A cocin da ke da rufin kwano, ga jita ga kibod ga mawaƙa, ita ce ke ratsa hayaniya ko ba makirfo. Aibinta shi ne amon da ke biyo bayan bugu, wani "tiiin" mai tsawo, musamman in sanda ta sauka kusa da baki. Mai koyo kuwa bai cika samun tsakiya ba. Maganin ba tsada: a cire fatar da ta zo da ita a sa Remo Ambassador mai farin shafi, a manna ɗan salatif ko guntun kyalle kamar inci ɗaya daga bakin. Kada a lafta da yawa, ganga za ta mutu.

Ta katakon muryarta ta fi kauri da taushi, ta fi daɗi a ƙaramin ɗaki da wurin naɗar waƙa. Amma katako yana jin yanayi: ya sha laima da damina, ya bushe ƙayau da hunturu. Mai kyau tana jurewa. Matsalar tana ga masu arha marasa suna, waɗanda ake haɗa fallayensu da gam maras ƙarfi. Fallen ya ɗaga, bakin da fata ke zama a kai ya karkace, daga nan duk ɗaurin da aka yi ba za ta daidaita ba. Shi ya sa in kuɗi kaɗan ne, ƙarfe mai arha ya fi katako mai arha. Babban abokin gabar ƙarfe tsatsa ce, a riƙa goge gumi da busasshen tsumma, a ɗiga mai a ƙusoshin da ke ɗaure fata.

Kafin ka biya, ko sabuwa ko ta hannu, auna faɗinta a wurare uku. In awon ya bambanta, ta lanƙwashe, bar ta. Ƙirga ƙusoshin da ke kewaye da fatar sama: 8 sun isa, 10 sun fi riƙe ɗauri, 6 kuwa wahala ce. Ɗaga ɗan hannun da ke jikin gangar, mai sakin wayoyin ƙasa, ka sauke sau da yawa, nan ne ke fara lalacewa. Wayoyin, galibi 20, su kwanta daidai a kan fatar ƙasa, ba wadda ta tanƙware.

Wajen ɗauri, fara da yatsu, sannan rabin juyi da makulli, daga ƙusa zuwa wadda ke fuskantarta, ba bi da bi ba. Fatar ƙasa siririya ce ƙwarai, ta ɗan fi ta sama tsauri, kuma ba a dukanta da sanda. In ganga ta shaƙe, wayoyin ne aka ja da yawa, a sassauta su kaɗan.