Mai gyaran sit ɗin babur a zauren gidansa: abin da na gani bayan wata bakwai

Shekara biyar ke nan ina hawa babur ƙirar Bajaj Boxer daga gida zuwa makarantar da nake koyarwa a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura, kuma a tafiyar nan ta kusan kilomita 18 kashi ɗaya cikin uku ne kawai kwalta, sauran duk hanyar ƙasa ce da burtali, inda rairayi yake kama taya da rani, taɓo kuma ya karɓi aikin da damina. Tun bayan ambaliyar da ta auka wa Jigawa a shekarar 2022 hanyar ta ƙara lalacewa, sannan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sai ya zama dole ni da wani abokin aikina mu riƙa haɗa kuɗin mai, ina goya shi zuwa da dawowa. Nauyin mutum biyu a kan gargada kullum ya cinye soson sit ɗin har ya kwanta, ta yadda idan na zauna ina jin taurin robar da ke ƙasa a jikin ƙashina. Kafin mu isa makaranta ƙuguna ya riƙe, ƙafar dama ta mutu, kuma sai na yi darasin farko a tsaye ina dafa tebur kafin jikina ya saki.

Na fara gwada gyaran da kaina a gida, kamar yadda mutane da yawa suke yi. Na yanko soso daga wata tsohuwar katifa, na ɗora a kan sit, na lulluɓe da buhu, na ɗaure da robar tsohon tiyub. Mako na farko na ji daɗi ƙwarai. A mako na uku soson ya lotsa a tsakiya, gefunansa suka tashi suna goga mini cinya, babur ɗin kuma ya ƙara tsawo har ya zama da ƙyar nake dira ƙafa idan taya ta shiga rairayi. Da ruwan farko ya sauka soson ya sha ya ƙoshi, ya yi kwana uku bai bushe ba.

Wani ɗan acaɓa da ke jigilar mutane ranar Lahadi a kasuwar Gujungu shi ne ya kwatanta mini gidan wani dattijo da ke wannan aiki a zaurensa, a wani gari da ba shi da nisa da kasuwar. Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Abin da ke zauren shi ne keken ɗinki na ƙafa, benci guda, tarin soso a lungu, naɗin leda a jingine da bango, da tsofaffin sit-sit da aka rataye a ƙusa. Ya gaya mini cewa a birnin Kano ya koyi sana'ar wajen masu kujerun kushin, daga baya ya koma yi wa 'yan acaɓa aiki, har zuwa watan Janairun 2013 da gwamnati ta hana goyo a babur cikin birni, kasuwarsa ta mutu, ya tattara ya dawo gida inda har yau babur ne motar haihuwa, motar kasuwa, motar kai amfanin gona.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sit ɗin ba sai da ya kalli zamana. Ya ce, "Malam, kafe mashin ɗin ka hau, ka kama kai yadda ka saba kamawa idan kana tafiya." Na hau, ya zagaya ni sau biyu, ya ɗauko alli ya zana inda mazaunaina suka tsaya da inda cinyoyina suka sauka. Sannan ya sa ɗansa ya hau bayana domin ya ga iyakar wurin wanda ake goyawa. Da na ce masa, "Baba, so nake a cika mini soso mai laushi sosai," sai ya girgiza kai ya ce laushin nan shi ne ya kawo ni wurinsa. Bayaninsa, wanda na tabbatar da gaskiyarsa a jikina daga baya, shi ne cewa soso mai laushi yana nutsewa gaba ɗaya a ƙarƙashin nauyi, sai mutum ya koma zaune a kan robar ƙasa alhali yana zaton yana kan katifa, kuma nauyinsa duka ya taru a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai. Soso mai tauri kuwa yana tallafe jiki, ya raba nauyin a wuri mai faɗi, in dai an sassaƙa shi daidai da surar mai zama.

Ya bar ni na zauna na kalli aikin daga farko, abin da ba kowane mai sana'a yake yarda da shi ba. Sit ɗin babur hawa uku ne: robar ƙasa mai tauri wadda ake ɗaurewa a jikin babur, soso a kanta, sai leda a sama wadda aka ja aka kafe da fil a bayan robar. Da sukudireba mai faɗin baki da filaya ya cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya fasa robar ba. Da ya yaye ledar sai ga soson asali ya yi ja, yana marmashewa a tsakiya, ƙasansa kuma da danshi duk da cewa an yi kwanaki ba a yi ruwa ba. Bai zubar da shi duka ba. Ya ce gefuna da gaba suna da sauran ƙarfi kuma su ne suke riƙe da surar da kamfani ya fitar, don haka ya sa ruwan zarton ƙarfe ya yanke tsakiyar da ta mutu kawai, ya fitar da rami mai kusurwa huɗu, zurfinsa kamar inci ɗaya da rabi. A cikin ramin ya dasa irin soson nan mai tauri mai dabbare-dabbaren launi, wanda ake yi da gutsattsarin soso da aka matse da gam. Ya shafa gam a fuskokin biyu, ya bar su suka sha iska har ya daina kama yatsa sosai, sannan ya haɗa ya danne. Ya ce gaggawar haɗawa tun gam yana ɗanye ita ce take sa aikin mutane da yawa ya ɓalle bayan wata guda.

Inda ya fi daɗewa, kuma inda nake ganin kuɗina ya tafi da hujja, shi ne sassaƙa. Sit ɗina ya riga ya karkata gaba, shi ya sa duk lokacin da na taka birki nake zamewa zuwa tanki, hannuwana su ɗauki nauyin da bai kamata su ɗauka ba, kafaɗa ta gaji. Ya ɗaga gaban kaɗan, ya daidaita wurin zama ya kwanta sosai, ya yi masa ɗan kwarmi marar zurfi daidai zanen allin nan, ya bar bayansa da faɗi. Gaban kuwa, inda cinyoyi suke sauka, ya rage masa faɗi ya goge kusurwoyin da samfefa mai kaushi har suka yi santsi, domin ƙafa ta riƙa isa ƙasa kai tsaye ba tare da ta buɗe ba. Sau uku yana ɗora sit ɗin a kan babur babu leda yana cewa in hau, ina gaya masa inda yake tokare ni, yana komawa yana gogewa. A karo na biyu na ce masa ya yi, shi ne ya ce a'a, in zauna minti goma tukuna, domin zaman minti ɗaya ba ya faɗin gaskiya. Da na cika minti goman kuwa sai na ji wani tudu a hagu da ban lura da shi ba da farko. Bayan ya gama sai ya shimfiɗa soso mai laushi siriri, kaurinsa bai wuce rabin inci ba, a kan duka sit ɗin domin ya ɓoye mahaɗa.

Kafin ya sa leda ya lulluɓe soson da farar ledar nan ta ɗaurin kaya, wadda ita ce take hana ruwa shiga ta hanyar ɗinki. Sabuwar ledar kuma ya shanya ta a rana ta yi taushi, ya kafe gaba, ya ja ya kafe baya, sannan ya bi gefuna hagu da dama bi da bi da sitefila irin ta masu kujeru, yana amfani da gajerun fil don kada su huda robar su fito ta cikin soso. Babu ɗinki ko ɗaya a saman wurin zama, duk ya mayar da su gefe.

Yau wata bakwai ke nan, sit ɗin ya ga ƙarshen damina, ya ga hunturu, ya shiga bazara. A kwana huɗun farko na yi zaton an cuce ni, domin ya yi mini tauri idan na kwatanta da katifar da na saba ɗaurawa, har na yi niyyar mayar masa. Bayan mako guda sai na lura ina sauka daga babur ina shiga aji kai tsaye, ƙafar nan da take mutuwa ta daina. Na yi tafiya zuwa Haɗeja na dawo a yini ɗaya, na yi wata zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, kuma gajiyar da na ji ta rana ce da ƙura, ƙuguna bai riƙe ba. Wurin zaman bai lotsa ba har yanzu, ruwa kuma bai taɓa shiga ba ko da na bar babur ɗin a waje. A rairayi ina dira ƙafa biyu cikin sauƙi, wanda a wajena ya fi komai muhimmanci, domin wanda yake goya mutum a burtali ya san abin da rashin isa ƙasa yake jawowa. Kuɗin da ya karɓa, har da soso da leda, bai kai rabin kuɗin sabon sit da aka yi mini ciniki a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ba.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata wanda zai je ya sani. Na kai aikin ranar Lahadi da hantsi bisa alkawarin zan karɓa da azahar, amma 'yan acaɓa suka yi ta shigowa da ƙananan gyare-gyare yana ajiye nawa yana sallamarsu, har magariba ta yi ba a sa leda ba, sai washegari na dawo a babur ɗin aro. Wanda yake so a natsu a kan aikinsa ya guji ranar kasuwa. Sannan baƙar leda kaɗai gare shi a lokacin, ita kuwa a watan Afrilu idan ta yi awa guda a rana ba ta zaunuwa sai an jiƙa tsumma an shafa, ko an nemi inuwar darbejiya tun farko. Abin da ya fi damuna shi ne wurin wanda ake goyawa. Kulawar da ya ba wurina bai ba bayan ba, ledar kuma mai sheƙi ce, don haka abokin aikina yana zamowa ya matse ni duk lokacin da muka gangara kwari. Na kuma ga wasu daga cikin fil ɗin sun fara tsatsa a ƙasa, ko da yake babu wanda ya saki tukuna.

Dattijon ya faɗa mini wata gaskiya da ba ta ƙara masa ko kwabo, wato cewa sit ba ya maganin mataccen shokozoba. Ya danna bayan babur ɗina ya ga yadda yake ta lilo kafin ya tsaya, ya ce in kai wa bakanike, in kuma daina barin mai faci yana cika tayar baya da iska har ta zama kamar dutse saboda ɗaukar buhu. Na bi shawararsa bayan wata biyu, kuma sai a lokacin na samu cikakken amfanin aikin, saboda haka ba zan ce duk sauƙin da na samu daga soso ya fito ba, amma mutuwar ƙafa da zamewa zuwa tanki tun kafin in taɓa shokozoba suka tafi.

Wanda ya kalli aikin sau ɗaya zai iya yin yawancinsa a tsakar gidansa, domin sukudireba, filaya, ruwan zarto, samfefa da gwangwanin gam ba su fi ƙarfin kowa ba, soso mai tauri kuma ana samun ragowarsa wajen masu kujeru a Ringim ko Gumel. Wurin da za a sha wuya shi ne jan leda ta kwanta babu tattara, da kafe ta a roba mai tauri, wanda ƙaramar sitefilar ofis ba za ta iya ba, ƙusa kuma tana fasa robar. Ƙanena ya sassaƙa soson nasa Jincheng ɗin da kansa bisa abin da na kwatanta masa, ya kai wa dattijon ya sa masa leda kawai, kuma aikin ya yi kyau. Ni kuwa na riga na yi magana da dattijon cewa idan an yi hutun makaranta zan mayar da nawa ranar Talata, ya ɗaga wurin wanda ake goyawa kaɗan, ya yi masa ɗan tudu tsakanina da shi, ya kuma canja ledar zuwa mai kaushi ruwan toka wadda ya ce zai sayo idan ya shiga Kano.