MOSFET na inbata: IRF3205, IRFZ44N ko IRF1404, wanne za ka saya?

Masu gyaran inbata ku matso kusa, don na ga yara da yawa suna shiga kasuwa su ce a ba su MOSFET, wato transistan da ke buɗewa da rufe wuta a inbata, "mai amf da yawa" shi kenan, ba wanda ya buɗe datashit, wato takardar bayanin kamfani, ya duba.

Ni dai a inbatar bolt 12 IRF3205 nake sawa kuma ba na sauya shi. Takardarsa ta ce bolt 55, amf 110, Rds kuma, wato turjiyar da ke tsakanin ƙafafunsa drain da source idan ya buɗe, miliyom 8. To amma wannan 110 ɗin kar ya ruɗe ka, an auna shi ne idan jikin transistan yana digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu a Kano iskar ɗaki kanta ta haura haka nesa, balle cikin akwati rufe. A digiri 100 ya sauko amf 80, kuma can ƙasan takardar da ƙananan rubutu an ce jikin TO-220, wato irin gidan da aka sa shi a ciki, amf 75 kawai yake iya ɗauka. Lambar da nake fara dubawa ita ce Rds, saboda ita ke haifar da zafi: amf 20 ta cikin 3205 wat 3 da ɗan kai ne, ta cikin IRFZ44N mai miliyom 17.5 kuwa wat 7. Shi ya sa Z44N a bar wa ƙananan aiki. IRF1404 miliyom 4 ne, amma bolt 40 ya yi kusa da baki.

A inbatar da tiransifomarta ke da waya a tsakiya, transista yana ganin ninki biyu na batir, batir mai bolt 24 in ya cika yana kan caji ninkinsa ya wuce 55, don haka can sai mai bolt 100 irin IRFB4110. Get ɗin kuma, wato ƙafar da ke kunna transistan, bolt 10 yake so ya buɗe sosai.

Sai maganar jabu, wadda wallahi ita ta fi ci min rai. Na taɓa sayen guda takwas a wani shago, rubutu tsaf da tambarin kamfanin IR, na sa wa inbatar wata baiwar Allah mai sayar da ƙanƙara, ko awa biyu ba a yi ba suka fashe har da bod. Da na fasa ɗaya da filaya, ƙwayar cikin ba ta kai ƙwayar gero ba. Kwana uku tana asarar ciniki. Tun ranar nake goga tina a kan rubutun, in ya goge na ajiye. Na kuma duba ƙafafun ko an taɓa yi musu solda. Gwajin da ya fi shi ne ka ba get bolt 12, ka jona kwan fitilar mota mai wat 55 da batir ta cikin transistan, ka auna tsakanin drain da source da mita: 3205 na gaske ba zai wuce milibolt 40 sosai ba, jabun nan ya nuna min sama da 150. Ka yi gwajin a gaban mai shago kafin ka miƙa kuɗi, in ya ƙi yarda ka ƙara gaba.