Kula da shago daga nesa: littafi da WhatsApp, ko manhajar shago da kyamara?

Hajiya, na ga tambayarki. An yi wa Maigida canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, kin bi shi, kin bar shagon atamfa da leshi a Kano a hannun ƙaninki da yaro ɗaya. Kullum da daddare ana faɗa miki ciniki a waya, amma duk zuwan da kika yi sai ki tarar kaya sun ragu fiye da kuɗin da ke hannu. Wani ya ce ki sayi kyamara ki sa manhajar shago, wata kuma ta ce littafi da WhatsApp sun isa. Na yi aiki da duka biyun lokacin da na bar nawa shagon ina wani gari, don haka bari in jera miki su.

Sai dai kafin a zo kan zaɓi, akwai abin da in bai gyaru ba, babu tsarin da zai yi miki amfani, wato hanyar da kuɗi ke bi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin 200 da 500 da 1,000, mutane suka saba biya ta taransfa, har mai sayen yadi biyu. Ki tambayi kanki: asusun wa ake bai wa kwastoma? Ni abin da ya same ni ke nan. Yaron shagona ba ɓarawo ba ne, amma da zarar sabis ɗin bankina ya yi nauyi sai ya ba da lambar asusunsa, da niyyar turo mini daga baya. Kuɗina suka gauraya da nasa, ya taɓa wani abu don wata lalura ta gida, shi kansa ya kasa sanin nawa ne nawa. Ki buɗe asusun kasuwanci da sunanki, ki karɓi na'urar POS a kansa, ko ta Moniepoint ko OPay ko ta bankinki, ki rubuta lambar da manyan baƙi ki manna a shago. Duk abin da ya shigo za ki gan shi a wayarki kina Fatakwal. A kuma kafa doka: ba a sakin kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat da kwastoma ya nuna a wayarsa, sai an ga kuɗin a na'ura. Tsabar da aka tara kuwa a zuba ta a asusun kafin a rufe shago.

Haka ma layin waya. Ki sayi layin shago, ki yi masa rajista da lambarki ta NIN, ki ɗora WhatsApp Business a kansa, ki kulle shi da lambar sirri mai lamba 6 wadda ke kaɗai kika sani. WhatsApp yana barin a haɗa wasu na'urori har 4 da asusu ɗaya, saboda haka ke da ƙaninki kuna iya ganin hirar kwastomomi tare. In kuwa da layin yaro ake hulɗa, ranar da ya tafi da kwastomominki zai tafi.

To, tsari na farko: littafi da WhatsApp. Ana rubuta kowane ciniki a littafi mai lambar shafi: irin kaya, turmi ko yadi nawa, nawa aka sallama, tsaba ne ko taransfa ko bashi. Bayan an rufe, a ɗauki hoton shafin ranar a tura zauren WhatsApp mai mutum uku, ke da su biyun. Ki riƙa sauke hoton a wayarki a daren, ki kuma kashe tsarin nan da ke goge saƙonni da kansa. Amfanin hoton shi ne abin da aka rubuta yau ba ya gyaruwa gobe. In kina son ƙarin mataki, ki haɗa fom a Google Forms, yaro ya riƙa cikewa bayan kowane ciniki. Kowane shigarwa yana faɗawa Google Sheets da rana da lokacinsa, kuma in ba ki ba shi izinin taɓa shafin ba, ba zai iya komawa ya canza ba. Duk wannan kyauta ne, data kawai za ki saya.

Tsari na biyu shi ne manhajar shago. Wadda na fi sani ita ce Loyverse, ana sauke ta a wayar Android ko iPhone, kuma ainihinta kyauta ce. Za a shigar da duk kayan shago, kowanne da kuɗin sarinsa da kuɗin sayarwa da adadin da ke ƙasa. Da an sayar da turmi ɗaya sai ta cire shi daga lissafi, ke kuma ki gani a wayarki: abin da aka sayar, ƙarfe nawa, ribar da ta fito, da kayan da suka kusa ƙarewa. Wannan ne babban fifikonta. Littafi yana gaya miki abin da ya fita, amma abin da ya kamata ya rage sai kin zauna da kanki kin yi ta ɗebewa, kuma na san uwar gida mai yara ba kowane dare za ta samu wannan sukunin ba. Ni sai da hotunan sati uku suka taru mini ban buɗe ba.

Amma ki dubi irin kayanki. Manhajar nan an gina ta ne don shagon da kayansa ke da tsayayyen farashi da lambar jiki, irin kantin kayan masarufi inda katan ɗin madara yau shi ne na gobe. Atamfa ba haka take ba. Duk sarin da aka yi a Kantin Kwari sababbin zane ne, kuma in kika ce kowane zane sai an ba shi suna an shigar da shi, yaro zai gaji a sati na biyu, lissafin manhaja ya rabu da na kayan da ke shago. Dabarar ita ce a shigar da kaya aji-aji: wannan kamfani, wannan daraja, turmi kaza, ba tare da bin zane ba. Leshi da shadda da ake yankawa su ma tana karɓar rabin yadi in an saita su a matsayin kayan awo, amma sai an zauna an koya. Ga shi babu Hausa a cikinta, akwai dai Turanci da Larabci da Faransanci. Kuma sashen da ke bai wa kowane ma'aikaci lambarsa ta shiga, don ki san wa ya sayar, biya ake yi duk wata da dala.

Sai maganar tayi, wadda a nan ne kuɗin masu tufafi suka fi zubewa. A ce kin sa turmi a kan 18,000, kin ce kada a sauko ƙasa da 16,500. Kwastoma ya taya, aka sallama masa a 17,500, aka rubuta 16,500. Turmin ya fita, lissafin kaya ya yi daidai, dubu ɗaya ta shiga aljihu. Littafi ba zai kama wannan ba, manhaja ma ba za ta kama ba, domin dukansu abin da aka shigar musu suke nunawa. Abin da ke rage shi taransfa ce zuwa asusunki, tunda adadin da kwastoma ya biya na gaskiya ne ke fitowa, sai kuma rasit mai kwafi biyu da lambar wayarki a jiki. A nan manhaja ta ɗan fi, don rasit ɗinta daga abin da aka shigar yake fita, kuma kwastoma ba zai karɓi takardar da ta saɓa wa abin da ya biya ba.

A wajen bashi kuwa littafi ne gaba. Kasuwarmu ta bashi ce: mai kayan lefe ta ba da rabi, tela ya ɗauka sai bayan sallah, dillaliya ta karɓi turmi biyar ta dawo da biyu. A yadda na yi aiki da manhajar, ba ta da wurin irin wannan, sai da na ƙirƙiri hanyar biya na sa mata suna bashi, sannan na ci gaba da bin sunayen a littafi. Ko wane tsari kika ɗauka, ki ware littafin bashi daban, kowane mutum da shafinsa da ranar da ya yi alkawari, kuma kada a ba da sabon bashi sai an kira ki. Ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi.

Idan sabis ya ɗauke, littafi bai san an yi ba. Loyverse tana ci gaba da karɓar ciniki ta tura in ya dawo, fom ɗin Google kuwa yana tsayawa cak. Kada ki raina wannan: a watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara na tsawon makonni, kuma a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace, har bankuna suka yi ta tangarɗa. Littafi kuma nasa haɗarin wuta ce da ruwa. Waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta shafa, duk wanda littafin bashinsa ke cikin shagon da ya ƙone, littafin ya tafi tare da kayan. Hoton dare-dare shi ne maganin wannan.

Kyamara ita zan sa a ƙarshe. Tana nuna ƙarfe nawa aka buɗe, ko an cika shago da abokai, kuma tana da amfani in an fasa. Amma tana buƙatar wuta da data kullum, ga kuɗin data ya tashi tun farkon 2025, kuma ba za ki zauna kina kallon awa goma ba. Ba ta kuma gaya miki nawa aka sallama turmi.

Abin da ya gano mini giɓina ƙidaya ce. Duk sati biyu wani mutum na uku, wanda ba ya taɓa kuɗin shago kuma ba a sanar da ranar zuwansa, ya je ya ƙirga kaya turmi-turmi, ya auna ragowar yadi, ke kina kan kiran bidiyo. Kayan da aka fara da su, a haɗa da sabon sari, a cire abin da aka rubuta an sayar: abin da ya rage dole ya zama shi ne a kan kanta. Shi ya sa sari ma ki riƙa biyan dila kai tsaye daga asusunki, a turo miki hoton rasit da na kayan ranar da suka iso.

Da ni ce ke, da tsari na farko zan fara, tare da asusu da layi da ƙidaya, in riƙe shi wata uku. In kin ga ana rubutawa ba fashi, kuma lissafin dare ya fara fin ƙarfinki, ko kin buɗe shago na biyu, sannan ki koma manhaja, ki bar littafin bashi yadda yake. Wanda bai saba rubutu a takarda ba, ba zai shigar a waya ba.

Kuma ki yi a hankali wajen gabatar wa ƙaninki wannan. Ki zauna da shi, in zai yiwu a gaban Hajiya babba ko wani yayanku, a yi ƙidayar farko tare, a yafe abin da ya wuce, a fara daga ranar. Ki yanka masa albashi bayyananne ko kaso a cikin riba, ki kuma ware kuɗin abinci da na mota a rubuce, domin da yawa daga abin da muke kira giɓi kuɗin cefane ne da ba a taɓa yin maganarsa ba. Ki gaya mana kimanin kala nawa kike ajiyewa da kuma ko yaron yana rubutu da boko, sai in tsara miki yadda shafin littafin zai kasance.