Popper, Kuhn ko Laudan: wanne za ka fara saya?

Idan kuɗin littafi ɗaya ne a hannunka, kuma kana son sanin yadda kimiyya ke sauya matsayi, kafin ka biya ka duba abu guda: a wajen marubucin, ma'aunin da masana ke karɓar ka'ida da shi tsayayye ne, ko shi ma yana canzawa?

Karl Popper, masanin falsafar kimiyya kamar sauran marubutan nan, na ɓangaren tsayayye. Littafinsa The Logic of Scientific Discovery ya fito da Jamusanci a 1934, da Turanci a 1959. Hanyarsa ɗaya ce: kawo hasashe, sannan ka dage neman abin da zai ƙaryata shi. Tana da sauƙin riƙewa, sai dai tarihi bai cika yi mata biyayya ba. Da tafiyar duniyar Uranus ta saɓa wa lissafin Newton, ba a yi watsi da Newton ba. An yi zargin akwai wata duniyar da ke janta, aka kuwa gano Neptune a 1846.

Thomas Kuhn, a littafinsa The Structure of Scientific Revolutions na 1962, ya ce kowane zamani da tsarin tunaninsa, kuma ma'auni na tafiya da tsarin. Ya fi sauran daɗin karatu, amma ba zai rarrabe maka nau'o'in hanya dalla-dalla ba.

Ni dai Larry Laudan zan ba ɗalibi, wato Science and Values na 1984. Ya nuna ka'ida da hanya da manufa suna gyara juna. Dubi gwajin magani. Da aka gane majiyyaci kan ji sauƙi don kawai ya yarda an ba shi magani, sai aka fara ɓoye masa ko ƙwayar gaske ce ko ta bogi. Da aka lura tsammanin likita ma na shafar sakamako, shi ma aka ɓoye masa. Sabon sani ne ya haifi sabuwar hanya.

Mai rubuta kundin digiri kuma zai buƙaci littafin Hakob Barseghyan na 2015, wato The Laws of Scientific Change. Shi ne ya raba hanyar da ta jingina da wani zato game da duniya, irin ta gwajin maganin nan, da wadda ba ta jingina da kowane zato irin wannan ba. Ya kuma bambanta dokokin da masana ke furtawa da ma'aunin da suke aiki da shi a zahiri. Yana da nauyi, kada ka fara da shi sai ka gama Laudan.