Kwabban 'Yan Kasuwa na Yaƙin Basasar Amurka: Da Wanne Za Ka Fara?

A 1862 tsoron yaƙi ya sa Amurkawa suka ɓoye zinariya da azurfa, daga baya har kwabon senti ɗaya ya yi ɓatan dabo. Da canji ya gagara, sai 'yan kasuwa suka shiga buga nasu kwabban, galibi na tagulla, daidai girman senti, har sai da majalisar dokokin ƙasar ta haramta a 1864. Iri uku ne a kasuwar masu tara tsofaffin kuɗi yau.

Mafi araha su ne na kishin ƙasa, masu ɗauke da tuta, ko kan George Washington, ko jirgin ruwan yaƙi mai suna Monitor. Ba sunan mai shago a jiki. Suna da kyau, amma in ka tara goma za ka ga kusan duk kanwar ja ce.

Ni dai shawarata ka fara da na talla, waɗanda aka buga wa sunan mai shago da sana'arsa, wani lokaci har da lambar titi. Ka juya ɗaya a tafin hannu, ka karanta: mai gasa burodi ne, ko mai sayar da magani, ko maɗinki a Cincinnati. Gustavus Lindenmueller, mai mashaya a New York, ya watsa kimanin miliyan ɗaya a 1863, da gemunsa a jiki. Da kamfanin jiragen titi na Third Avenue ya kawo masa tulin da fasinjoji suka biya da su don ya fanshe, ƙememe ya ƙi. Saboda yawansu, nasa ba sa wuyar samu. Ka zaɓi gari ɗaya ko sana'a ɗaya ka bi ta.

Na uku, na 'yan tireda masu bin rundunonin soja, sun yi ƙaranci kuma da tsada. Bar su sai idonka ya buɗe.

Kafin ka biya, tambayi lambar Fuld ta kwabon, wato lambarsa a kundin Fuld da ya jera irin waɗannan kwabbai, da matakin ƙarancinsa: R-1 ya yi yawa, R-10 ɗaya tal aka sani. Na azurfa yawanci don masu tarawa aka buga su, ba su taɓa zagaya kasuwa ba. Kuma ka guji wanda aka goge yana walƙiya, domin gugar tana kankare fatar ƙarfen ta karya masa daraja. Mai launin ƙasa-ƙasa da rubutu raɗau ya fi. In kuɗin da yawa, nemi wanda NGC ko PCGS, kamfanonin tantance kwabbai, suka tantance.