Katin wuya da na yi wa autana mai sikila

Da farko ban so ba, yayata ce ta matsa min. Na kai karnen asibitin autana, wato littafinsa na asibiti, wurin wani mai fotokofi kusa da babbar kasuwar Marwa a Kamaru, ya fitar da muhimman abubuwa a ɗan kati, ya manne shi cikin leda, na rataya wa yaron a wuya kamar laya. Da Faransanci aka rubuta: sikila SS, jini O+, nauyinsa, lambar wayata, da gargaɗin kada a ba shi Fansidar ko Bactrim, don sun taɓa fito masa da ƙuraje har cikin baki.

A watan Agusta na tafi Garwa gaisuwar rasuwa, na bar shi wurin Hajiya, surukata. Cikin dare zazzaɓi ya rufe shi, tafin hannunsa ya yi fari fat. Hajiya ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, karnen kuma yana cikin jakata a Garwa. Haka ta goya shi ta hau mashin ana ruwa. Ta ce ma'aikaciyar jinyar na ɗaga rigarsa ta ga katin, sai ta daina yi mata tambaya, ta ruga ta kira likita. Sun sake gwada jininsa don su tabbatar, kafin asuba an fara ƙara masa. Har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Masu rabon maganin zazzaɓin damina gida-gida ma katin ta nuna musu suka tsallake shi, tunda maganin nasu akwai Fansidar a ciki.

Amma wallahi mai shagon nan ya ƙona min rai. Lambar wayata, lamba tara kacal, ya juya biyu! Sau huɗu asibiti suka kira, wani mutum daban yake ɗauka. Ban ji labari ba sai da gari ya waye. Da na koma masa, ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi in sake biya. Ga shi wata uku kawai gumi ya ɗaye bakin ledar, tawadar ta fara narkewa daidai wurin nauyin.

Na sake yin sabo a wani shagon, guda biyu, ɗaya na ɗaure a bakin zanen Hajiya. Sai da na kira lambar a gaban mai bugawar, wayata ta yi ƙara, sannan na bari ya manne.